Gidan da Mai Shi Ya Ce a Rushe

A banɗakin gidan akwai wata tsohuwar randa ta yumɓu. Daga cikinta ake kamfatar ruwa a watsa a jiki, kamar yadda ake yi a gidan kowane talaka. Wanda ya shafe shekara kusan sittin yana wanka da ruwan randar nan shi ne Lee Kuan Yew, firayim ministan Singafo na farko, wanda ya riƙe mulki daga 1959 zuwa 1990. Ya karɓi tsibiri mai fama da cunkoso da zaman kashe wando, ya bar shi yana kafaɗa da kafaɗa da manyan cibiyoyin kuɗi na duniya, amma ba a saka shawa a gidansa ba sai a 2003, lokacin da matarsa ta gamu da shanyewar ɓarin jiki a Landan, 'ya'yansu suka yi sauri suka gyara banɗakin kafin iyayen su dawo.

Gidan yana lamba 38 a Titin Oxley, 'yar tafiya kaɗan da ƙafa daga Orchard, layin manyan kantunan birnin. An gina shi a ƙarshen ƙarni na 19, a filin da a da gonar gyaɗar ƙamshi ce ta wani likita Bature mai suna Thomas Oxley. Faɗin filin murabba'in mita 1,100 ne da 'yan kai. Lee ya shiga gidan a tsakiyar shekarun 1940 a matsayin ɗan haya, daga baya ya saye shi, nan ne kuma gidansa har ya rasu ranar 23 ga Maris, 2015, yana da shekara 91. Akwai gidan da aka tanadar wa firayim minista, Sri Temasek, a cikin harabar fadar Istana, amma bai taɓa tarewa a can da iyalinsa ba. 'Ya'yansa uku duk a Oxley suka tashi.

A watan Disamba na 2025 gwamnatin Singafo ta ayyana wurin a matsayin abin tarihi na ƙasa, wanda doka ta hana a taɓa shi ba da izini ba. Ta yi haka ne alhali mai gidan ya faɗa da bakinsa, ya rubuta a wasiƙa, ya kuma sa a wasiyyarsa cewa a rushe gidan bayan ransa.

Tushen jayayyar yana can ƙasan ginin, a wani ɗakin cin abinci. A 1954 Singafo tana hannun Turawan Birtaniya, dokar ta-ɓaci tana aiki, taron siyasa kan iya kai mutum gidan kaso. A wannan ɗaki ne wasu samari, da adadinsu ya kai kimanin ashirin, suka riƙa haɗuwa a kewayen teburi suna tattauna yadda za su kafa jam'iyya. Akwai Goh Keng Swee, wanda daga baya ya zama ginshiƙin tsarin tattalin arzikin ƙasar. Akwai Toh Chin Chye, shugaban jam'iyyar na farko, da S. Rajaratnam, ɗan jaridar da ya zama ministan harkokin waje na farko. Akwai kuma 'yan ƙwadago irin su Lim Chin Siong da Fong Swee Suan, waɗanda su ne ma'aikata masu jin Sinanci ke saurare, domin a lokacin Lee lauya ne da ya yi karatu a Cambridge, harshensa ya fi karyewa da Turanci. Matar gidan, Kwa Geok Choo, ita ma lauya, ta sa hannu wajen rubuta kundin tsarin jam'iyyar. Ranar 21 ga Nuwamba, 1954, aka ƙaddamar da jam'iyyar PAP a zauren Victoria. Tun da ta ci zaɓen 1959 ba ta taɓa barin mulki ba.

Waɗanda suka zauna a teburin nan ba su gama tafiyar tare ba. A 1961 jam'iyyar ta dare gida biyu, Lim Chin Siong da mutanensa suka kafa Barisan Sosialis. A watan Fabrairu na 1963 aka yi kamen da ake kira Coldstore, aka tsare mutum sama da ɗari ba tare da shari'a ba, Lim yana ciki, bai kuma shaƙi iskar 'yanci ba sai a 1969. Saboda haka ɗakin yana ɗauke da tarihin wanda ya yi nasara, yana kuma ɗauke da na waɗanda aka ɗaure. Duk mai son ya yi wa wannan batu adalci sai ya riƙe wannan a ransa, domin a nan ne maganar ta fi ƙarfin mutum ɗaya, ko da kuwa shi ne mai gida.

Dalilan Lee na son a rushe gidan ba ɓoyayyu ba ne. A hirarrakin da aka tattara cikin wani littafi a 2011, ya ce ya ga gidan Nehru na Indiya da na Shakespeare, ya ga yadda sawun masu ziyara ke lalata wuri. Ya ce gidansa tsoho ne, ba shi da harsashi, danshi na hawa bango, ginin da ake yi a makwabta ya sa bangon ya tsattsage, kula da shi kuma zai ci kuɗi. Ya ƙara da lissafin da ya dace da halinsa: saboda shi aka hana makwabta yin gini mai tsawo, idan aka rushe nasa aka sassauta dokar, darajar filayensu za ta tashi. Bayan wannan akwai maganar matarsa, wadda ta rasu a watan Oktoba na 2010. Ba ta son baƙi su riƙa tattaka inda ta yi rayuwarta suna leƙa ɗakin kwananta. Shi kansa bai yarda a yi masa gunki ko a mayar da shi abin bauta ba, ya sha faɗin haka.

Jama'a sun ji wannan magana, da yawa kuma sun goyi bayansa. Lokacin da aka ajiye gawarsa a ginin majalisa, mutum sama da 450,000 suka yi layi, wasu na sa'o'i masu yawa cikin rana, don su yi masa bankwana. Amma a wani jin ra'ayi da kamfanin YouGov ya yi a ƙarshen 2015, kashi 77 cikin 100 na waɗanda aka tambaya cewa suka yi a cika masa burinsa a rushe gidan. Ƙaunar da suke masa ce ta sa suka ce haka. Mutanen da suka ɗauki wasiyya a matsayin amanar mamaci ba za su sha wuyar gane su ba.

Sai dai takardun da Lee ya bari ba su zo da baki ɗaya ba, daga nan kuma rigimar ta samo ƙafa. A watan Oktoba na 2010 ya rubuta wa majalisar ministoci cewa a rushe. A watan Yuli na 2011 ya zauna da ministocin, suka gaya masa dukkansu suna ganin bai kamata a rushe ba. Ranar 27 ga Disamba na wannan shekara ya sake rubuta musu: ya yi tunani, idan har za a bar gidan, to a ƙarfafa tushensa, a gyara shi gaba ɗaya, a kuma ba da shi haya mutane su zauna, domin gidan da ba kowa a ciki nan da nan yake zama kango. A 2012 ma an nemi izinin gyaran gidan daga hukumar tsara birane da amincewarsa. Tsakanin 2011 da 2013 ya yi wasiyya har sau bakwai. Sharaɗin rushewa yana cikin huɗun farko, ya fita daga ta biyar da ta shida, ya dawo a ta ƙarshe, wadda ya sa wa hannu ranar 17 ga Disamba, 2013. A cikinta ya ce a rushe gidan da zarar ya rasu, ko kuma da zarar 'yarsa Wei Ling ta bar shi idan ta zaɓi ci gaba da zama. Ya kuma yi tanadi: idan doka ta hana rushewa, to kada a buɗe gidan ga kowa sai 'ya'yansa da iyalansu da zuriyarsu.

Wannan jimla ta ƙarshe tana nuna dattijon ya san abin da ka iya faruwa. Lauya ne, ya kuma san cewa wasiyya ba ta fi ƙarfin dokar ƙasa.

Babban ɗansa, Lee Hsien Loong, shi ne firayim minista a lokacin rasuwar, shi ne kuma ya gaji gidan. A ƙarshen 2015 ya sayar wa ƙanensa Hsien Yang a kan farashin kasuwa, suka yarda kowannensu ya ba da kwatankwacin rabin kuɗin gidan ga ayyukan jinƙai, shi kuma ya ce ya tsame hannunsa daga duk shawarar da gwamnati za ta yanke. An ɗauka magana ta mutu. Ashe wuta na ci a ƙarƙashin toka. Da asubar 14 ga Yuni, 2017, Wei Ling da Hsien Yang suka fitar da sanarwa a Facebook, suna zargin yayansu da amfani da ƙarfin gwamnati don ya hana rushe gidan, wai don ya ci gaba da cin albarkacin sunan mahaifinsu a siyasa. Ya musanta, ya nemi gafarar 'yan ƙasa a kan yadda rikicin cikin gida ya zubar da mutuncin Singafo, ya kai maganar gaban majalisa, aka shafe ranakun 3 da 4 ga Yuli ana tafka muhawara. Ya ce ba zai kai ƙannensa kotu ba, domin hakan zai ƙara ɓata sunan iyayensu. A ƙasar da shugabanninta suka saba maka masu suka a kotu kan ɓata suna, wannan ma sai da ya jawo surutu.

Ɓarakar ba ta ɗinku ba. A watan Nuwamba na 2020 kotu ta dakatar da matar Hsien Yang, lauya Lee Suet Fern, daga aiki na wata 15 saboda rawar da ta taka wajen shirya wasiyyar ƙarshe, duk da cewa ba a taɓa soke wasiyyar kanta ba. Hsien Yang ya shiga jam'iyyar adawa a 2020, ya bar ƙasar da matarsa a 2022, a watan Oktoba na 2024 kuma ya bayyana cewa Birtaniya ta ba shi mafakar siyasa. Gwamnati ta ce ba wanda ya hana su komawa gida.

Ana tsakiyar wannan ne kwamitin ministoci, ƙarƙashin mataimakin firayim minista Teo Chee Hean, ya fitar da rahoto a watan Afrilu na 2018. Ya zayyana hanyoyi uku: a bar ginin gaba ɗaya, ko a bar ɗakin cin abincin kawai a rushe saura, ko a rushe duka. Kwamitin ya ce abin da Lee ya fi so shi ne rushewa, amma ya nuna zai iya yarda da wata hanya muddin an gyara gidan an kuma kare sirrin iyalinsa. Ƙannen biyu suka ce sam, an juya maganar mahaifinsu. Kwamitin bai zaɓi ko ɗaya ba. Tun da Wei Ling na zaune a ciki, ya bar wa gwamnatin gaba.

Yana da kyau a fahimci abin da ayyana wuri a matsayin abin tarihi ke nufi, domin mutane kan ɗauka allo ne kawai ake kafawa a ƙofa. A Singafo dokar adana wuraren tarihi ta samo asali tun farkon shekarun 1970, a 1973 aka ayyana rukunin farko, yanzu kuma wuraren sun haura saba'in, har da masallatai, coci-coci da ɗakunan ibadar Sinawa da na Hindu. Kwamitin masana ne ke duba wuri ya ba da shawara, a aika wa mai shi takardar sanarwa, a ba shi lokaci ya kawo ƙorafi, minista ya yanke hukunci, a buga a jaridar gwamnati. Daga ranar, mai wurin ba shi da ikon rushewa ko sauya fasali sai da izini. Idan kuma gwamnati na son wurin ya dawo hannunta, sai ta bi dokar karɓar filaye ta biya diyya.

Wannan doka ta biyun gwamnatin Lee ce ta kafa ta a 1966, da ita kuma aka gina Singafo ta yau. Da ita aka karɓi gonaki da ƙauyuka da unguwannin marasa galihu, aka tashi maƙabartu, aka yi dogayen benaye da kusan kashi 80 cikin 100 na 'yan ƙasar ke zaune a cikinsu. Yau kusan kashi 90 cikin 100 na ƙasar tsibirin mallakar gwamnati ce. Dubban iyalai sun bar gidajen kakanninsu a kan ƙa'idar cewa maslahar jama'a tana gaba da son ran mai fili. Masu goyon bayan adana gidan Oxley suna cewa ƙa'idar da ta hau kan manomi ba za ta tsallake wanda ya kafa ta ba. Hujja ce mai nauyi, Lee kansa kuma bai taɓa cewa yana sama da doka ba.

Akwai kuma ciwon da ke ran mutanen birnin game da abin da suka riga suka rasa. Tsohon ɗakin karatu na ƙasa da ke Titin Stamford, mai jan bulo, inda ɗalibai da dama suka fara sanin daɗin littafi, an rufe shi a 2004 aka rushe don a haƙa hanyar mota ta ƙarƙashin ƙasa, duk da kukan da jama'a suka yi. Har yau ana ambatonsa da takaici. Abin da aka rushe ba ya dawowa, shawarar adanawa kuwa ana iya sake duba ta bayan shekara hamsin. Wannan bambanci shi kaɗai ya isa ya sa a yi taka-tsantsan kafin a kira katafila.

Amma tsoron Lee ma ba na banza ba ne. Gidan shugaba idan ya shiga hannun hukuma, mai mulkin ranar ne ke zaɓar labarin da za a ba masu ziyara. Gidan Nehru, Teen Murti a birnin Delhi, an mayar da shi gidan tarihi bayan rasuwarsa a 1964. A 2022 aka buɗe gidan tarihin dukkan firayim ministocin Indiya a harabar, a 2023 kuma aka cire sunan Nehru daga sunan cibiyar, jam'iyyarsa ta Congress tana kuka cewa ana goge shi daga tarihi, gwamnati tana cewa ta faɗaɗa wurin ne kawai. A Singafo, inda jam'iyyar da aka haifa a ɗakin ita ce ke mulki har yanzu, tambayar ta fi kaifi: idan aka buɗe ɗakin, wane matsayi za a ba Lim Chin Siong a labarin?

Gaskiyar magana, gida biyu ne a cikin gini ɗaya. Na sama, mai ɗakunan kwana da randar wanka, na wani mutum ne da matarsa, ƙasa ba ta da haƙƙin leƙa shi, roƙon da suka yi a kansa kuma ya cancanci a girmama shi ba tare da ja-in-ja ba. Na ƙasa kuwa, inda aka ƙulla jam'iyya a ƙarƙashin idon Turawa, Lee ɗaya ne daga cikin masu shi. Sauran sun mutu, ba wanda ya nemi jin ta bakinsu, jikokin waɗanda aka mulka da waɗanda aka tsare kuma suna da rabo a ciki. Shekara goma aka yi ana cacar baki kamar dole ne ɗaya ya cinye ɗaya, alhali hanya ta biyu a rahoton 2018 ta riga ta nuna ana iya raba su.

Maganar da ya yi cewa gidan da ba kowa a ciki kango yake zama, duk wanda ya san gidan ƙasa ya san gaskiyarta: damina biyu ba yaɓe, katanga ta fara zubewa. Shi ya sa gidajen shugabannin da suka rayu a arewacin Najeriya su ne waɗanda aka ba su aikin yi. Gidan Sardauna a Kaduna, inda aka kashe shi ranar 15 ga Janairu, 1966, ya zama Gidan Arewa, cibiyar binciken tarihi ta Jami'ar Ahmadu Bello, mai ɗakin karatu da rumbun tsofaffin rubuce-rubuce. Gidan Mambayya na Malam Aminu Kano a Gwammaja, inda kabarinsa yake, yana hannun Jami'ar Bayero, ana taruka da nazarin dimokuraɗiyya a cikinsa. Ilojo Bar kuwa a Legas, da aka ayyana a matsayin abin tarihi na ƙasa tun 1956, takardar ba ta hana a wayi gari a watan Satumba na 2016 an baje shi ba.

Wei Ling, likitar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, ta rasu ranar 9 ga Oktoba, 2024, tana zaune a gidan har ƙarshen ranta. Sharaɗin da ya jinkirta komai ya kau. Cikin 'yan kwanaki Hsien Yang ya nemi izinin rushewa, ya ce zai gina ɗan ƙaramin gida a wurin wanda zai zauna a hannun zuriyar. A lokacin yayansa ya riga ya sauka, Lawrence Wong ya karɓi mulki tun 15 ga Mayu na wannan shekara. Hukumar kula da kayan tarihi ta ce za ta fara nazarin wurin tukuna. A farkon Nuwamba na 2025 gwamnati ta bayyana niyyarta ta adana shi, Hsien Yang ya aiko da ƙorafinsa daga waje yana cewa an taka wasiyyar mahaifinsa, gwamnati ta duba ta ci gaba da abin da ta sa gaba.

Alkawarin da ta yi shi ne ba za a mayar da wurin hubbaren Lee ba. Ta ce za ta karɓi filin ta mayar da shi wurin jama'a, mai yiwuwa lambun tarihi, za a kuma kawar da duk wata alama ta ɗakunan da iyalin suka yi rayuwarsu, ko da hakan na nufin rushe wani sashe na ginin. Abin da za a bari da abin da za a cire, ta ce sai masana sun samu shiga sun duba lafiyar bangon da Lee ya ce ya tsattsage. Teburin da samarin 1954 suka kewaye kuwa ya riga ya fita daga gidan: tun a 2015 Wei Ling da Hsien Yang, a matsayinsu na masu zartar da wasiyya, suka miƙa shi ga hukumar tarihi tare da wasu kayan mahaifinsu, aka baje shi a gidan tarihi na ƙasa jama'a suka riƙa zuwa kallo.